Irin da Ya Faɗa Cikin Yumɓu

A gonakin shinkafa na bakin kogin Santi, a Karolina ta ƙasar Amurka, bawa ba shi da komai sai ragowar yini. In ka gama aikin da aka yanka maka, sauran ranar taka ce. Da wannan ragowar ce wata baiwa mai suna Tena ta share 'yar fadama a bayan bukkokin bayi.

Irinta jar shinkafa ce, wadda uwarta ta tsallako teku da ita a ɓoye cikin kitso. Bara ta shuka, ana sako ruwa irin ya taso sama, tsuntsaye suka sha biki. Yanzu saura cikin ƙoƙo ɗaya. In wannan ya tafi, shinkafar gidansu ta ƙare ke nan.

To, ranar shuka sai ga mijinta Kwash, sarkin rawar kai, ya karɓi ƙoƙon wai zai taya ta. Bai yi nisa ba santsi ya kwashe shi, shi da irin suka yi wanka a yumɓu.

"Kwash! Ka kashe ni!"

"Haba uwargida, ni da na faɗi ko sannu babu?"

"Sannun me? Kai za ka warke. Wannan fa?"

Tana kuka tana tsincewa. Ta shanya, kowace ƙwaya ta bushe da rigar laka. Haka ta zuba su a layi, ranta a ɓace, Kwash ya zare toshiyar kututture mai rami da ke tare ruwan kogi, ruwa ya malalo cikin fadama.

Ikon Allah! Ko ƙwaya ɗaya ba ta taso ba. Nauyin yumɓun ya riƙe su a ƙasa, kan ka ce me fadama ta yi kore shar.

Nan fa Kwash ya samu bakin magana. "Kin ga faɗuwar gwani? Bari in gaya wa mai gona, ƙila ya rage mana aiki."

"Ya rage? Sabon daji zai ba ka ka sare. Rufe min baki."

Da kaka ta yi, Tena ba ta kai shinkafar turmi ba. Ta kira matan bukkoki, ta nuna musu yadda ake birgima iri a yumɓu, ta zuba wa kowacce a bakin zane. Daɗi ya cika ta.

"Ku shuka," in ji ta. "Ko gobe aka sayar da ni, wannan dai ta zauna."