Jabar da Aka Kife da Kwano

Shekara talatin da biyu Sarkin Ɓeraye ya yi yana riƙe da makullin ɗakin ajiyar ƙananan dabbobi na jami'a. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji shi.

Shekara tara da yin ritayarsa, sai shugabar sashen ta aiko masa da mota. Ya san ta tun tana ɗaliba, lokacin da ko kusu ta gani sai ta haye tebur.

"Baba, ɗakin nan za a mayar da shi na kwamfuta," ta ce. "Fatun da ke da takarda za mu kai sabon gini. Amma ruwa ya shiga durowa uku, rubutun ya goge. Duk wadda ba a san ko ta mece ce ba, gobe za a ƙone ta."

"Idanuna sun yi yana, Dakta," ya ce, "amma yatsuna ba su yi ritaya ba. Ɗauko biro."

Warin kafur ya tarbe shi tun daga ƙofa, sai ya ji kewa ta kama shi. Fatun suna nan jere yadda ya bar su, cushe da auduga, kowace da 'yar takarda ɗaure a ƙafa. Ya zauna ya riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, yana faɗa, tana rubutawa. Wannan kurege ne, daga gindin dutse. Wannan bushiya. Wannan gafiya ce, ji kaurin wutsiya. Wannan mai dogayen ƙafafun baya ɓeran yashi ne, tsalle yake yi, ba gudu ba.

Ba abin da ke ɓata masa rai irin a ce ɓera ai ɓera ne. A wannan yanki na arewa kaɗai iri ashirin da bakwai ya tara da hannunsa, yana ɗana tarko da gyaɗa da yamma, ya koma da sassafe raɓa na jiƙa masa wando. Fadamar da ya fi samun su yanzu gidan mai ne, ko ƙadangare ba ya tsayawa.

La'asar ta yi, saura fata ɗaya, ba ta fi babban yatsa ba. Da ya shafa wutsiyar ya ji inda ta lanƙwashe, sai hannunsa ya tsaya.

Wannan jabar ba tarkonsa ne ya kama ta ba. Matarsa ce, wadda ta tsani aikin nan, wadda ba ta barinsa ya taɓa abinci sai ya wanke hannu sau biyu. A bayan buhun gawayi ta gan ta, a kicin. Maimakon ta kai mata muciya, sai ta kife ta da kwano, ta ɗora dutse, ta jira shi. "Ga 'yar'uwarka nan," ta ce, "ban taɓa jin ka kwatanta irinta ba." Ashe duk mitar da take yi, tana saurare.

Aka duba, ba a taɓa samun irinta a yankin ba. Farfesan sashen na wancan lokaci ya yaba masa a gaban jama'a, shi kuwa a gurbin wanda ya kama ya rubuta sunan kansa. Ita matar tambayarsa kawai ta yi ina kwanonta. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta, abin yana cin sa.

Ya faɗi irin jabar, da shekarar, da wurin.

"Wanda ya kama, kai ne ko, Baba?" Dakta ta tambaya, har ta ɗora biro.

"Ba ni ba ne."

Ya faɗi sunan matarsa a hankali, ta rubuta, ta ɗaura takardar a ƙafar jabar. Ya kai ta dab da idonsa, bai ga komai ba sai fari.

"'Yata," ya ce, "karanta mini in ji."