Man Shanu a Kwalbar Zaidu

Ranar kasuwa ce, mahauta na ta sara, sai Maikano ya ɗaga murya daga rumfarsa don kowa ya ji.

"Jama'a, ku taya ni ji! Gidan da ɗansu ba shi cin nama, ba shi shan nono, ko zuma ba shi lasa, su za su riƙe muna sarautar fawa? Akuya anka haifa musu, sai ganye!"

Dariya ta ɓarke har rumfar masu tsire. Usaini ya ci gaba da datsa ƙashi kamar bai ji ba, amma gatarin ya nutse cikin kututture. Tun da tsohon Sarkin Fawa na garinsu, can kan hanyar Dumega, ya rasu, shi da Maikano ke neman rawanin. Dattawa sun ce sai bayan girbi. Usaini ya fi Maikano gado, ya fi shi iya wuƙa. Abu guda ke ja masa baya: ƙanensa Zaidu.

Zaidu mushe ne, wato malamin makaranta, yana koyarwa a kwalejin garin. Daga karatu a Yamai ya dawo da abu biyu. Na farko rantsuwa, cewa ba abin da ya fito daga jikin dabba da zai ƙara shiga cikinsa, abin da 'yan birni ke kira began. Na biyu sigarin lantarki, wani ɗan ƙarfe da ake ɗura wa ruwa mai ƙamshi a zuƙi tururinsa, da shi ya bar taba.

Da la'asar Usaini ya iske shi a tsakar gida, Zaidu ya ɗaga wata 'yar kwalba yana karanta jikinta.

"Tsinken tsire guda, Zaidu. Gaban mutane. Ka ci, ka koma ga ganyenka."

"Yaya, ban haramta ma kowa ba. Ni dai na bari."

"Da kuɗin nama anka kai ka lakwal ka yi boko, ɗan banza!"

"Na sani. Na gode."

"To wanga da kake busawa kamar tukunyar dambu hwa? Shi ba dabba ciki?"

Zaidu ya yi murmushi, irin na malamin da aka yi wa tambayar da yake so. "Ka ga, tambaya ce mai kyau. Ruwan yana da wani sinadari, gilisarin. Akwai wanda ake samowa daga kitsen dabba, akwai na tsiro. Wanga na tsiro ne, ga shi an rubuta. Har waya na yi ma mai kanti kafin in yarda."

Usaini ya dubi kwalbar. Ya daɗe yana dubanta.

Direban da ke kawo wa Zaidu saƙon kwalaben ruwan daga Yamai a rumfar Usaini yake ajiye shi, don ita ce bakin tasha. Da saƙo na gaba ya iso, Usaini ya ɗauko sirinjin da yake yi wa shanu allura, ya zuƙo man shanu da rana ta narkar, ya buɗe kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Ruwan mai ƙamshin toyayyar gyaɗa ne, ya shanye warin man tsaf. Ya girgiza, ya mayar da murfi, ya aika gida.

Kashegari Zaidu ya fesar da tururi ya ce, "Wanga sabon ya fi gardi."

"Allah shi ƙara daɗi," in ji Usaini.

Kafin gero ya yi kai, Zaidu ya fara tari. Busasshe ne da farko, daga baya ya koma mai nauyi, kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. A'i, mahaifiyarsu, ta dafa masa citta da kanumfari, ta ce rashin nama ne. Usaini yana jin tarin ta bayan katanga kowace safiya. Da wani saƙon ya zo, ya ƙara yawan man.

Ranar zaɓe aka shimfiɗa tabarmi gindin gawo. Dattawan fawa suka zauna, mai kalangu yana zuga kowa da kirarinsa. Maikano ya tashi ya maimaita zancen akuya, aka yi masa shewa. Usaini ya bari sai da shewar ta lafa, sannan ya yafito Zaidu, wanda ya zo don kara kawai, yana tsaye can baya ya rame kamar karan dawa.

"Zo nan, Mushe. Faɗa ma dattawa, rabonka da abin dabba tun yaushe?"

"Tun ina Yamai," in ji Zaidu, yana danne tari.

"Ko ɗigo?"

"Ko ɗigo."

Usaini ya zura hannu a aljihun ƙanensa ya zaro kwalbar. Ya karɓi kofin ruwan ƙanƙara daga hannun mai sayar da lemo, ya matse kwalbar ciki. Ruwan ya bi ruwa ya ɓace. Sai ga wasu 'yan ƙwayoyi sun taso sama, sun daskare, fari-fari da ratsin rawaya.

Ba mahaucin da ke bukatar a faɗa masa abin da ya gani. Wani dattijo ya lakata da yatsa, ya ɗanɗana, ya kwashe da dariya har hularsa ta faɗi.

"Man shanu! Wallahi man shanu!"

"Tun farkon damina nike ba shi," in ji Usaini, ya ɗaga sirinjin sama. "Ya hana ma cikinshi, na bi ta hanci. Har cewa ya yi ya fi gardi! Maikano, ɗan gidanmu ko ya ƙi, sai ya sha!"

Mai kalangu ya sake kiɗa. Samari suka kewaye Zaidu suna kukan saniya. Shi kuwa idonsa na kan kofin. Ya buɗe baki zai yi magana, tari ya riga shi, ya durƙusa, ya kifa a kan tabarma. Mutane suka ɗauka kunya ce, suka ƙara dariya. Kafin a lura ba ya tashi, dattawa sun riga sun ce Usaini ne Sarkin Fawa.

A asibitin Dogon Dutsi, lokotoro ya ɗaga hoton ƙirjin Zaidu ya nuna wa A'i wurare masu hazo. Ya ce mai ne ya kwanta a huhu, huhu kuwa ba ciki ba ne, ba ya narkar da mai. Ya ce zai rayu, amma tsayuwa gaban aji a yi ta magana, wannan kam sai abin da Allah ya yi.

Bayan naɗi Usaini ya zo dubiya da sabon rawani, mai kalangu ya tsaya bakin ƙofar asibiti yana ɗan taɓawa. Ya ajiye kwano a gefen gado ya buɗe. Farfesun ƙafar saniya ne, mai ya taru a kai.

Zaidu ya juyar da fuska bango. Da kyar muryarsa ta fita. "Inna, kunu."

"Kunun mi?" in ji A'i tana share hawaye. "Kunu ya kai ka nan. Sha, ɗana, ka yi ƙarfi."

Ta kai cokali bakinsa, ya datse haƙora. Romo ya bi gemunsa.

"Ba ni wuri, Inna," in ji Usaini.

Ya naɗe hannun riga, ya zauna bakin gado. Ya sa babban yatsa a kusurwar muƙamuƙin ƙanensa ya danna, yadda ake yi wa rago in za a ɗura masa magani. Bakin ya buɗe.

"Zuba."