Malafar Bangon Gabas

Shekara bakwai ke nan, da zarar an girbe masara a Maska, sai Hajiya Tsohuwa ta aika a kira mata Shitu magini. Aikin ɗaya ne kullum: bangon ɗakinta na gabas, wanda ruwan damina yake duka har ya zaizaye. Shitu ya kwaɓa jar ƙasa, ya yi yaɓe kwana huɗu, a ba shi buhun masara ladan aikinsa. Da buhun nan gidansa yake kaiwa bazara.

To, Shitu fa ya san maganin bangon nan tun ranar farko. Bakin kwanon rufin ne ya yi gajarta, ruwa kuwa daga gabas yake zuwa da iska, sai ya sami bango tsirara. Amma mutumin naka ya ja bakinsa ya yi gum, yana yaɓe yana yi wa Hajiya jajen ɓarnar damina.

Bana da ya zo, sai ya tarar ta canza shawara.

"Na gaji, Shitu," in ji ta. "Saniyata zan kai kasuwar Funtua, a shafe bangon nan da siminti in huta."

Shitu ya dubi bangon. Saniyar ita kaɗai ta rage mata, siminti kuma ba ya zama a kan jar ƙasa. Damina biyu zai kumbura ya ɓare kamar ɓawon rogo. In ya yi shiru, aiki ya samu har da ƙari. In ya yi magana, shi da buhu sai dai labari. Ya sosa ƙeya, kunya ta kama shi.

"Hajiya, bar saniyarki. Bangon nan malafa yake so. A ƙara wa bakin kwano tsawo kamu biyu, a yi ɗan dakali a gindi saboda fantsamar ruwa. Kwano shida ya isa, kuma kin gama da yaɓe."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Tun yaushe ka san haka?"

"An ɗan kwana biyu."

"Kwana biyu nawa?"

"Shekara bakwai, Hajiya."

"Allah ya shirye ka, ɗan nan. Ashe kura na ba ajiyar nama."

Ya yi aikin, kansa a sunkuye. Damina ta zo ta yi ta zuba, bango ko gezau. Duk sanda ya wuce a kan mashin sai ya saci kallonsa, daɗi ya kama shi, sannan ya tuna rumbunsa ya yi ajiyar zuciya.

Da aka yi girbi, ga mamakinsa, sai ga saƙon Hajiya. Ya je ya same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa.

"Kada ka waiga neman buhu, babu," ta ce. "Amma na kai labarinka gidan suna, har da shekara bakwai ɗin. An yi maka dariya sosai. Yanzu gida tara suna son malafa."

Shitu ya washe baki.

"Rufe bakin, kowanne sau ɗaya za ka yi."

"To in na gama fa, Hajiya?"

"Ai a garin Tsiga ma daga gabas ruwa yake zuwa."