Tauraro a Gurbin Minti

Auta ce ke kula da kwamfutocin wani kamfani, kuma duk ofis an san ba ta ɗaukar sakaci. To, ashe gwano ba ya jin warin jikinsa.

Kafin aiki ya mayar da ita wani gari, ta zauna gaban tsohuwar kwamfutar falo don ta haɗa wa Baba abin tuni. Tun rasuwar Mama shi kaɗai ne a gidan, ga hawan jini, ga mantuwa. Ta naɗi muryarta tana cewa, "Baba, lokacin magani ya yi," ta rubuta wa na'urar layi ɗaya a jadawali: kullum ƙarfe takwas na safe ta saki muryar.

Bayan wata huɗu ta zo hutu. Da safe tana wanke kofuna a kicin sai ta jiyo muryarta daga falo. Ta yi murmushi. Ba ta gama ɗauraye kofi na biyu ba, muryar ta sake. Can kuma ta sake.

Ta ajiye kofin. Ta ruga da jiƙaƙƙen hannu ta buɗe jadawalin. Wayyo! A gurbin minti, inda ya kamata ta sa sifili, alamar tauraro (*) ta sa, shi kuwa tauraro a wurin kwamfuta "kowane" yake nufi. Wato daga takwas zuwa tara, kowane minti. Sau sittin a rana, wata huɗu cur!

"Baba! Ba dai duk kira sai ka sha ba?"

"Ke, ni yaro ne? Ƙwaya ɗaya nake sha, a kiran farko."

"To me ya hana ka faɗa min? Duk mako fa muna waya."

Kunya ta ishe ta. Ta ja kujera, ta kai yatsa za ta goge tauraron, sai Baba ya dafa hannunta.

Muryar ta sake fitowa.

"Na'am, Auta, na sha," ya amsa wa lasifikar kamar yadda ya saba. Sai ya tuna tana gefensa, ya yi 'yar dariya.

"Bar shi haka. Shirun gidan nan ya yi min yawa. Awa ɗaya tal ake kirana Baba a cikinsa. In kin gyara, sauran hamsin da taran wa zai kira ni?"

Tausayinsa ya cika mata ido da hawaye. Ta rufe jadawalin ba ta taɓa komai ba, ta zauna kusa da shi har tara ta buga.