Kunnen Auta

"Mama, da gaske ne a bakin kwata kuka tsince ni?"

Mama ta ɗage ƙafa daga keken ɗinki. Auta ce tsaye a ƙofar ɗaki, 'yar shekara shida, ta riƙe kunnenta da yatsu biyu. Idonta ya ciko, amma ba ta yarda hawayen ya zubo ba tukuna.

"Wa ya faɗa miki?"

"Yaya. Ta ce har a takarda ya nuna."

Mama ta ƙwala wa babbar 'yarta kira. Yaya ta shigo tana jan ƙafa, riƙe da takarda mai gida-gida. Aikin gida ne malamar kimiyya ta ba su: kowa ya duba ƙasan kunnen mutanen gidansu, wurin da ake hudawa, ya ga wa nasa ke reto, wa kuma nasa ke manne da fuska. Daga nan a zana ginshiƙi biyu, kowane mutum gida ɗaya. Yaya ta ja layinta da rula tsaf. Ginshiƙin masu reto ya miƙe gida huɗu, an shafe shi da shuɗi. Na masu mannewa gida ɗaya tak, ja, yana tsugune a gefe kamar baƙon da ba a ba kujera ba.

"Ni fa ba ƙarya na yi ba," in ji Yaya. "Malama ta ce gado ne. Baba reto, ke reto, ni reto. To ita daga ina?"

"Daga cikin nan," Mama ta dafa cikinta. "Ni na sha naƙudar, ba malamarku ba."

Ta faɗa da dariya, amma ranta bai kwanta ba. Ta san tsokanar yara, da alewa ɗaya take wucewa. Wannan kuwa ta zo da rula da sunan malama, irin wadda yarinya ke kwana da ita ta tashi da ita har ta girma.

Ta jawo rigar da take ɗinkawa ta juya cikinta.

"Auta, wajen nan wane launi ne?"

"Kore."

"Shafin ciki fa?"

"Fari."

"To haka gado yake. Kowane ɗa rabin ƙwayoyin gadonsa daga uwa yake samu, rabi daga uba. Wani ya fito fili kowa ya gani, wani ya kwanta ciki kamar shafi, sai a jikin ɗa ko jika ya leƙo."

Auta ta dubi rigar, ta dubi jan gidanta. "Amma dai ni kaɗai ce."

Mama ta karɓi takardar ta ƙirga shuɗayen gidajen da yatsa. "Na huɗun nan wa ye?"

"Kaka."

"Kin ga kunnen Kaka da idonki?"

Yaya ta soma sosa ƙeya. "Ai ita ta haifi Baba, kuma Baba..."

"Kin gani ko ba ki gani ba?"

"Mama, wa zai ce wa Kaka ta cire kallabi?"

Gaskiyarta. Kaka tana ɗaura kallabi har ya rufe kunne, da zafi da sanyi. Ita kanta Mama, duk zamanta a gidan, ba ta taɓa ganin kunnen surukarta ba. In aka je aka tarar reto yake, abin ya ƙara lalacewa. Ta kama hannun Auta suka nufi ɗakin baya, Yaya na biye da su da takardarta.

Kaka na zaune bakin gado tana goge gilashinta. Mama ta durƙusa.

"Inna, sannunku da hutawa. Wata 'yar alfarma jikokinku ke nema."

"In goro ne, ya ƙare."

"Kunnenku suke so su gani."

Kaka ta saka gilashin ta ƙare musu kallo ɗaya bayan ɗaya. "Kunnena? Yanzu boko har ya iso kunnen tsofaffi? Gobe kuma haƙora za a zo ƙirgawa, ai aikin ba zai yi wuya ba." Sai idonta ya faɗa kan fuskar Auta. "Ke ƙawata, wa ya taɓa min ke?"

"An ce tsinto ni aka yi, wai kunnena a manne yake."

Kaka ta kai hannu kanta. Ta sa yatsa ta ture kallabin sama. Ga kunne ƙarami, manne da fuska ɗam, babu abin da ke reto ko na ƙwayar gero.

"To in tsinto ki aka yi, kwata ɗaya aka tsince mu," in ji Kaka. "Ubanku ne ya fita zakka, ya kwaso fankama-fankaman kunnuwan kakanku, Allah ya jiƙansa. Mutumin da iska in ta taso sai ya dafe su."

Auta ta haye gadon tana taɓa nata tana taɓa na Kaka, dariya har da shaƙuwa. Mama ta miƙa wa Yaya magogi.

"Gyara. Kuma wanda ba ki gani da ido ba, kada ki sake saka shi a gida."

Yaya ta goge shuɗi ɗaya, ta ƙara gida ɗaya a kan na Auta. Auta ta ce lallai ita za ta shafa jan launin, ta kuwa shafa har ya tsallake layi.

Kai mai karatu, in ɗanka ya dawo da irin wannan aiki, kada ka bar yara su kaɗai da takardar. Zauna ka duba wa aka gani da ido, wa aka yi wa shaci-faɗi. Kuma ka kula da yaron da ya faɗa gajeren ginshiƙi, don ba kowane ne zai zo ƙofar ɗaki ya tambaye ka ba.