Kazar da Inna Ta Ɓoye

Duk jakar da ka gani a unguwar nan da hoton kaza a jikinta, daga keken ɗinkin Inna ta fito. Ƙaninta mai kiwon kaji ne, in buhunan abincinsu suka taru sai ya ɗauro mata su a bayan babur. Ta farke gindinsu, ta karkaɗe dusa, ta jiƙa da sabulu har warin ya mutu, ta shanya. Wajen yanka kuwa ba ta yarda da kowa, wai ita ba a fille wa kaza kai da almakashinta. Dole kazar ta zauna a tsakiyar jaka, da kanta da ƙafafunta. Gefen da ya rage a naɗe shi a yi hannu, gutsattsarin ya zama jakar fensir.

Aikin yana mata daɗi, ba ta kuma ɓoyewa. Amma da 'yarta Auta ta samu aikin koyarwa, sai zuciyar Inna ta shiga saƙe-saƙe. Malama guda, ta shiga ofis da kaza a hammata? Ai yara sai sun laƙa mata suna. Don haka ta juya buhun, farin bayan ya koma waje, kazar ta koma ciki, ta rufe ta da shafin yadi, ta sa zif. Jaka ta fito fes, ka ce daga kanti.

Auta ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta rataye ta a ƙusa bayan ƙofa. Nan jakar ta kwana, nan ta wuni. Kullum da safe yarinyar ta rungumi littattafanta a ƙirji ta fita. Abin ya ci Inna ƙwarai, don ta ɗauka 'yarta kunyar sana'arta take ji.

Ran Asabar suna tsugune suna wanke buhuna, Inna ta kasa haƙuri.

"Auta, in jakar ba ta yi miki ba ki faɗa mini. Ba zan ji haushi ba."

Ƙarya take, za ta ji.

"Ta yi kyau, Inna."

"Kyau a ƙusa? Na dai san buhu buhu ne, duk yadda aka gyara shi."

Auta ta tsame hannu daga kumfa. "Ni ba buhun ne ya dame ni ba. Ranar da na fara zuwa, shugabarmu da jakarki ta shigo, mai jan zakaran nan. Na ce mata uwata ce ta ɗinka, kowa ya juyo yana kallona. To in na shiga da farar nan, ai sai su ce ni ce na sa kika ɓoye."

Inna ta shiga dirzar buhun da ya riga ya fita. Daɗi ya cika ta, har da 'yar kunya.

"Ko za ki farke ta ki juyo?" in ji Auta.

"Buhu ba yadi ba ne. Inda allura ta huda, ya hudu ke nan." Ta tura mata bahon da ƙafa. "Zaɓi wani."

Auta ta yi ta laluben ruwan, ta ɗago wanda ya fi kowanne ihu, ƙatuwar kaza da 'yan tsaki a bayanta.

"Wannan har daga bakin titi ana hango shi," Inna ta ce.

"Shi ya sa. Ki yi masa dogon hannu, a kafaɗa zan rataya."