Gabar Haruna Mai Igiya

Daga Madarumfa har Gabi, har Sarkin Yamma, in ka tambayi mutum zurfin rijiyar garinsu ba zai ce maka metir kaza ba. Cewa zai yi gaba kaza, gabar Haruna. Shi Haruna mai igiya Allah ya ba shi hannuwa kamar an yi masa gyara bayan an gama rabo. In ya ware su, daga yatsan nan zuwa wancan taƙin hannu takwas ne cif, kuma kaf kasuwa babu mai kamo shi. Shekara arba'in yana tuƙa igiyar kaba yana aunawa a ƙirjinsa. Faɗa masa sunan ƙauye kawai, shi zai gaya maka gaba nawa gugansu yake sha.

A shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, amalanken shanu ya kife da shi a gangaren gulbi da lodin kaba a kai. Ƙashin kafaɗarsa ta dama ya farfashe. Maɗori ya ɗora sau biyu, bai kama ba. Wata bakwai da hagu yake cin tuwo, kuma wannan ya fi ciwon ƙona masa rai. Daga ƙarshe ɗansa Maman, mai tuƙa mota a Kano, ya kwashe shi zuwa asibitin ƙashi na can. Aka tsaga, aka cire kan ƙashin da ya lalace, aka sa na ƙarfe.

Wanda bai ji labarin kafaɗar nan ba a Madarumfa, to kurma ne.

"Yunwa biyu ta same ni ta gaji ta bar ni," haka yake fara wa masu sayen igiya. "Amalanke ya kwanta mini, shi ya karye. Likita huɗu suka taru kaina, babbansu har gumi yake, ya ce bai taɓa yanka fata mai tauri irin tawa ba. Yanzu ni da kamyon Maman, babbar motar nan tasa, dangi muke."

Gaskiya dai hannun ya dawo. Likita ya ce masa kullum da safe ya sa yatsu su hau bango kamar ƙadangare, ya kuwa yi, har hannun ya riƙa tashi ta gaba ya kai goshi. Ya koma cin tuwo da dama. Yana alwala, yana kabbara, yana murza kaba a cinya kamar da. Amma akwai wata magana da likitan ya yi wadda Haruna ya bari a Kano. Ya ce hannun zai tashi ta gaba, amma ta gefe ba zai buɗe duka ba, ta baya kuma kada ma a tilasta shi. Wannan ba ta daɗin faɗi a kasuwa, don haka ta ɓace daga labarin, har shi kansa ya manta da ita.

Ranar wata kasuwa sai ga Habiba, ƙanwar matarsa Asabe, wadda ke aure a Tudun Kalgo kan hanyar Gabi. Tun tana yarinya ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Mijin yaya, an ce an sa maka ƙarfe. Ba ka tsoron tsatsa da damina?"

"Ƙaramar matata, man gyaɗa nake sha. Mi ya kawo ki?"

Ta zauna kan damin kaba ta faɗa masa. Igiyar babbar rijiyarsu, wadda ya tuƙa tun kafin haɗarin, ta cinye, mata na jan ruwa gabansu na faɗuwa. Mazan gari kuma sun ce zamanin kaba ya wuce. Wani Bashir da ke zuwa ci-rani ya kawo igiyar leda daga Jibiya, wadda ake aunawa da metir, ya ce in an yarda shi zai riƙa kawo wa ƙauyukan yankin duka.

"Ni na tsaya," in ji Habiba. "Na ce ledar nan cin tafin hannu take, ba su suke ja ba. Sun ba mu zuwa Alhamis. In taka ta yi, shi ke nan. In ba ta yi ba, daga Tudun Kalgo za a fara, saura su bi."

"Ashirin da huɗu," Haruna ya ce, bai ko ɗaga kai ba. "Je ki ɗora tukunya."

Kwana biyar yana tuƙa. Ya zaɓi kaba mai laushi, ya jiƙa, ya tsaga, ya yi ta riɓi uku, igiyar da in ka ɗaure raƙumi da ita sai dai ya haƙura. Ranar Laraba ya miƙe a tsakar gida yana aunawa. Asabe na tankaɗe tana kallonsa. Ta ga hagu na tafiya har ƙarshe, dama kuwa ta je rabin hanya ta tsaya, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, kafaɗa ta haura tana neman kunne, shi kuma yana karkata jiki yana cika sauran.

"Malam, da ka ƙara mata kaɗan."

"A ƙara mi? Shekara arba'in ban ƙara ba, ban rage ba."

"Hannun nan ba ya kai inda yake kaiwa."

"Hannun ƙarfe ne ba ya kaiwa? Ji da garinki."

Ta ji da garinta.

Da hantsin Alhamis ya isa Tudun Kalgo a kan jaki, da farar riga da hula, igiya naɗe a gabansa kamar ango ya kawo lefe. Mata sun cika bakin rijiya da tuluna. Maza na gindin kalgo, Bashir a cikinsu da shuɗiyar igiyarsa a kafaɗa. Kafin a ɗaura guga sai da Haruna ya ba su labarin likitoci, waɗanda a hanya suka zama shida.

Habiba ta zura guga. Igiya na tafiya, tana tafiya, har ƙarshenta ya zo hannunta. Kowa ya kasa kunne. Babu ƙarar ruwa. Ta durƙusa ta miƙa hannu cikin rijiya har hammata. Guga na lilo a sarari, ruwa na can ƙasa yana ƙyalli.

"Ruwanku ya ja baya," in ji Haruna. "Bana ko'ina haka ne."

"Mijin yaya, yau da asuba muka ja da tsohuwar."

"To rijiyar ta zurma."

"Daga asuba zuwa hantsi?"

Wata ta tuntsire da dariya, saura suka kama. Bashir ya matso yana warware abin awonsa mai lambobi. "Baba, ba laifinka ba ne. Shi wanga ba ya zuwa asibiti."

Haruna ya juya wajen matan. Ya ce a kawo tsohuwar igiyar. Aka shimfiɗa su biyu a ƙasa, kai da kai. Tsohuwar ta wuce sabuwar, ta yi ta tafiya har kusa da kwamin shayar da awaki. Ya ɗauki bakinta ya fara aunawa a ƙirjinsa yana ƙirgawa a fili, mata na taya shi. Ashirin da huɗu ta zo ta wuce, igiya ba ta ƙare ba. Sai a ashirin da bakwai, da ɗan saura.

Ya tsaya da hannuwa a ware, ya dubi na hagu, ya juya ya dubi na dama. Tun dawowarsa daga Kano bai taɓa kallonsa haka ba. Ya yunƙura ya ƙara buɗe shi, ƙarfen ya ce nan ne iyaka. Taƙi guda ya tafi, a kowace gaba. Maganar likita ta biyo shi tun daga Kano ta same shi a bakin rijiya, gaban mata. Dariyar ta mutu. Habiba ta sunkuyar da kai, don ita ta tsaya masa.

Haruna ya cire hula ya miƙa mata. "Riƙe. Wa ke da kaba a garin nan?"

Masu saƙar tabarma suka ruga gida. Ya zauna a ƙasa da farar rigarsa, ya naɗe wando, ya warware bakin sabuwar igiya riɓi uku, ya shiga cusa sabuwar kaba cikin tsohuwa yana murzawa a cinya. A nan kafaɗa ba ta da aiki, tafi ne da yatsu, su kuwa ba wanda ya taɓa su. Igiya ta riƙa fita daga ƙarƙashin hannunsa tana tsawo. Kafin ya tuƙa gaba guda baki ya dawo masa.

"Bashir, taka in ta gaza, mi kake yi?"

"Ɗauri, Baba."

"Ƙulli ke nan. Ya bi tafin matarka sau ɗari a yini. Zo ka nuna mini inda na haɗa wagga."

Bashir ya zo ya bi igiyar da yatsa, ya koma, ya sake bi. Ya nuna wani wuri. Mata suka ce ba nan ba ne. Ya nuna wani, suka yi masa ihu.

Rana ba ta kai tsaka ba aka sake zura guga. Wannan karon kowa ya ji faɗawarsa. Habiba ta ja, hannu bayan hannu, ya fito cike yana zuba. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Aka ɗebo a ƙwarya aka fara ba Haruna, ya sha, ya ce tun da yake bai taɓa shan ruwan da ya sha wuya kafin ya same shi kamar wannan ba. Mai gari ya dubi Bashir ya ce ledar ta yi kyau da ɗaurin kaya a mota.

Amma Haruna bai tashi ba. Akwai rijiyoyi fiye da talatin a kansa, dukansu da tsohon awo. Ya sa mata suka ninka tsohuwar igiya biyu, suka sake ninkawa, suka sake, sannan suka kasa ta uku. Abin da ya rage a hannunsu gaba guda ce, ta tsohon awonsa. Ya sa aka saro gora miƙaƙƙiya, aka yanke ta daidai tsawon. Ya ɗauka ya kara a ƙirji. Yatsan hagu ya taɓa bakinta. Ta dama kuwa gora ta wuce hannunsa da taƙi guda, ta tsaya a iska.

Ya daɗe yana kallon wannan taƙin, murmushi na cin fuskarsa.

"Kun gani? Haka nake da. Ashe ban ma faɗa muku rabin girmana ba."

"Yanzu gora ce mai igiya," in ji Habiba. "Ita zan riƙa gaidawa."

"Gaida ta. Duk ƙasar nan wa ke da gaba biyu, ɗaya a jiki, ɗaya a hannu?"

Wani baƙo daga Sarkin Yamma, da ya tsaya shayar da raƙuminsa ya ga komai, ya matso ya ce su ma tasu ta kusa tsinkewa.

"Goma sha tara," in ji Haruna. "Da wace kake so a auna maka?"

Mutumin ya dubi hannun, ya dubi gorar, ya nuna gorar.

"Kana da hankali, baƙo," in ji Habiba.

Haruna ya karɓi hularsa, ya rataya gora a bayan jaki, ya ce mata in ta riga shi ganin yayarta kada ta ce komai, shi zai ba da labarin da kansa.